Babban Faifai

Khamisu yana cikin ɗaure murfin kwamfutar aka ɗauke wuta. Ya ja tsaki, ya jefa sukudireba cikin jaka.

"Kawu, oga yana jirana a Ikeja. Na riga na haɗa su, tsohon faifai da sabo duk suna ciki. In an kawo wuta ka goge babban, yadda kake goge ƙananan faifai. Yana cin lokaci fa. Bayan la'asar zan dawo in ƙarasa."

"Babban?" in ji Shafi'i.

"Babban, Kawu."

Kafin ya sake tambaya, saurayin ya haye okada ya yi gaba. Haka 'ya'yan Legas suke, rabin magana a bakinsu, rabi a kan titi.

Shafi'i ba kawunsa ba ne na jini, maƙwabtaka ce kawai ta Agege. Sana'arsa ɗaukar murya. Mahauta da 'yan ci-rani sukan zo ɗakinsa su zauna gaban makirfo, su gaida iyaye da mata, ya tace maganar a kwamfuta ya zuba musu a kaset, direbobin shanu su kai Arewa. A bana da wayar hannu ta shigo gari, bencin masu jira ya fara zama babu kowa. Sai kuma faifan da ke cikin kwamfutar ya soma wani ƙas-ƙas kamar ɓera a buhu. Khamisu ya ce mutuwa zai yi, ya samo masa wani na hannu, wanda aka shigo da shi daga Turai.

Ba aikin mutane ne ya dame shi ba. Muryar matarsa Safinatu ce a ciki. Da ta tafi gida Daura haihuwa ta aiko masa da kaset, kuma daga ita har abin da ke cikinta babu wanda ya tashi. Kaset ɗin kuwa, rediyo ya cinye shi tuni, Allah ya sa ya riga ya zuba a kwamfuta. Duk duniya babu inda muryar matarsa ta rage sai cikin wannan ƙarfe mai ƙas-ƙas.

Da azahar aka kawo wuta, fanka ta motsa. Shafi'i ya kunna kwamfutar, ga faifai biyu a kan gilashinta, ɗaya da sunansa, ɗaya da wani suna na Turawa. A wurin Shafi'i babu abin tambaya. A gidansu akwai Mato Babba da Mato Ƙarami, kuma Mato Ƙarami ya fi tsawo da ƙiba, amma wanda ya riga zuwa shi ne babba. Baƙon da ya shigo yau da safe ai ƙarami ne. Ya ɗauka Khamisu ya riga ya kwashe komai zuwa sabon gida, saura share tsohon.

Ya danna kan faifai mai sunansa. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata.

Ya ce bari ya ji ta sau ɗaya tukuna, a inda ya saba jinta.

"Malam, ina gaisuwa. An ce ka rame. To wallahi in na dawo na tarar kana cin amala a bakin titi, ni da kai ne." Zakara ya yi cara a bayanta, ta fashe da dariya. "Ka ji shi ko? Shi ma yana gaishe ka."

Ya maimaita. Kewarta ta taso masa, irin wadda ba ya gaya wa kowa, don ba shi da wanda zai gaya wa. A waje mai masara tana kiran ciniki da Yarabanci, jirgin ƙasa ya wuce ya girgiza kwanon rufi. Ya koma wurin tambayar, ya ɗora yatsa. Khamisu ya san aikinsa, kuma abin da ya ce ke nan. Amma hannun ya ƙi. Ya ji kamar an ce ya rufe ta da ƙasa karo na biyu, shi kaɗai, babu mai kama masa.

Ya janye hannu, ya ce in yaron ya dawo ya yi da kansa. Haka ya zauna, kunya tana cinsa, dattijo guda ya kasa danna maɓalli.

Khamisu ya shigo bayan la'asar yana share gumi. Ya leƙa gilashin, sai ya tsaya cak.

"Kawu, me ka zaɓa nan?"

"Babban. Na kasa ne, ka yi haƙuri."

"Wannan ai ƙaramin ne! Babban shi ne sabon, ya ninka wannan wajen ɗaukar kaya. Ban kwafi komai ba tukuna, ko abu ɗaya." Ya zauna a benci, ya riƙe kai. "Da ka danna, shi ke nan fa."

Shafi'i ya ja da baya daga kwamfutar.

Can ya ce, "A garinmu wanda ya riga zuwa shi ne babba."

"A Ikeja wanda ya fi ciki ne, Kawu. Laifina ne." Ya jawo kujera. "Yanzu ga yadda za a yi. Mu share sabon, mu kwafa, ka saurara da kunnenka a can. Tsohon kuma ba mai taɓa shi, ka naɗe a tsumma ka ajiye."

Ya buɗe sabon faifan don ya ga tarkacen da ke ciki. Takardun Turawa ne da hotuna: wani lambu, kare, wata mata mai jan gashi riƙe da jariri. Ya danna wani abu, sai murya ta fito. Matar ce take rera waƙar reno da wani harshe da ba Turanci ba, a tsakiya ta yi tuntuɓen baki, ta yi dariya, ta sake daga farko.

"Shara ce," in ji Khamisu, ya kai hannu.

Shafi'i ya riƙe masa wuyan hannu. "Mai wannan ya san tana nan?"

"Wa ya sani? Wataƙila yana da wani kwafin. Wataƙila ya zubar ne kawai."

"Wataƙila kuma ce masa aka yi an kwashe komai."

Khamisu ya dube shi, ya sauke hannu. "Sai mun fara ajiye ta a wani wuri kafin mu share. Aiki biyu ke nan, Kawu."

"Yi aiki biyun. Ka ce babba ne, ai zai ɗauke su su biyu."

Kafin magariba aka gama, Khamisu ya tafi. Shafi'i ya saurari Safinatu a sabon wurinta har zakara ya yi cara. Sannan ya kunna baƙuwar, ya rage murya kaɗan, ya tashi ya ɗora ruwan shayi.