Tankin Alhaji Nasiru

A garejin da ke bakin hanyar Tsarnawa kowa ya san ƙa'ida: ba a kai wuta kusa da tankin mota sai an wanke shi da sabulu, an cika shi da ruwa. Alhaji Nasiru, mai sayen matattun motoci yana yayyankawa yana sayar wa 'yan gwangwan, shi ƙa'idarsa ɗaya ce, sauri. Saurin nan ne ya ci Mahfuz, ƙanen Sallau mai walda. Alhaji ya ce an wanke, Mahfuz ya sa wuta, tanki ya tashi da shi.

Mutuwa ta Allah ce, Sallau ya haɗiye ta. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne maganar da Alhaji ya yi a zaman makoki, wai Mahfuz sigari ya kunna. Mahfuz da ko goro ba ya ci! Tun daga ranar tsohuwarsu Tabawa ta daina shiga taro, ta gaji da jin ana cewa ɗanta shi ya jawo wa kansa. Sallau ya tsani Alhaji, tsana mai hana cin tuwo, amma kullum sai ya gaishe shi har ƙasa.

Ran nan aka jawo wata tsohuwar mota daga Illela, wadda fasa-ƙwaurin fetur ya gama cinye ta. Aka sauke tankinta ƙasa, aka kira Sallau ya yanka. Ya ce to, amma sai da ya aika aka ɗauko tsohuwa a kabu-kabu, ya zaunar da ita can nesa a inuwa.

"Alhaji, an wanke tankin ga?"

"Tun jiya anka wanke shi. Yi maza, motar Sakkwato na jira."

Sallau ya sunkuya, warin fetur ya doki hancinsa. Wani daɗi mara kyau ya ratsa shi.

"To, Alhaji, taho ka zamna bisa, ka danne min shi kar shi motsa."

Makanikai suka ajiye aiki suka zuba ido. Wanda ya ce an wanke, da wane baki zai ce tsoro yake ji? Alhaji ya tattara babbar riga ya zauna, yana dariyar yaƙe. Sallau ya kunna wutar yanka, ya tako a hankali tana huci. Da Alhaji ya yunƙura zai tashi, sai ya ji hannun mai dukan ƙarfe a kafaɗarsa.

"Ina za ka, ranka shi daɗe? Ba an wanke ba?"

"Don Allah kashe wutar ga! Ba a wanke ba!"

"Na Mahfuz fa?"

Gumi ya jiƙa hular Alhaji. Makanikai tuni sun ja da baya.

"Shi ma ba a wanke ba."

"Sigarin fa?"

"Ƙarya ce. Ni na ƙirƙire ta."

"Ɗaga murya, Alhaji. Inna ba ta ji ƙwarai."

Ya ɗaga murya, har masu shayi a tsallaken titi suka juyo. Sallau bai ƙoshi ba. Wutar kuwa sai ƙara matsawa take kusa da bakin tanki, shi kansa bai san inda zai tsaya ba.

Tabawa ta miƙe, ta dogara sanda, ta tako har inda warin fetur yake.

"Na jiya da kunnena, Sallau. Kashe wutar ga. Kai ɗai ka rage min."