Bututun da ke Cikin Bango

Gidan da gwamnati ta ba Jonah lokacin da aka canzo shi aiki zuwa Azare gida ɗaya ne aka raba biyu. A ɗaya ɓangaren akwai Malam Zarami, malamin gona ɗan asalin Borno, da matarsa Ya Gana. Bango guda ya raba su, kuma ta cikinsa bututun ruwan gidajen biyu ya bi.

Duk ranar da aka kawo ruwa sai bututun ya kama gwaf-gwaf, kamar ana dukan bango da taɓarya. Salomi, matar Jonah, malamar firamare ce, takan dawo gida da azahar ta ɗan kishingiɗa. Ita ta fara cewa ƙarar ba ta tashi sai ta kwanta.

"Baban Joan," ta ce wa mijinta, "da gangan matar nan take yi. Tana jin na rufe ƙofa sai ta buɗe famfo."

"Ya Gana? Me kika yi mata?"

"Ita za ka tambaya. Jiya na gaishe ta, da ka ta amsa mini."

Jonah ba ya son fitina da maƙwabta. Ya sa aka kawo masa buhunan ɓawon gyaɗa daga Udubo, ya jera su jikin bangon har sama, ya jingina tsohuwar katifa, ya lulluɓe da tabarma. Ƙarar ta ragu sosai, Salomi ta samu barcinta.

Ashe Ya Gana ta ga shigar buhunan ta taga.

"Malam, me mutanen nan suke ɓoyewa?" ta tambayi mijinta. "Buhu-buhu, kuma duk a jikin bangonmu."

Daga ranar ta hana 'ya'yanta shiga gidan Salomi.

Ana nan sai ɗakin Salomi ya fara warin ruma. Ta yaye tabarmar, ta tarar buhunan sun jiƙe sharkaf, sun yi baƙi. Ranta ya ɓaci, ta ce lallai ruwa ake watsa wa bangon daga can. Ta ɗaura ɗankwali ta zagaya.

Ta iske Ya Gana a durƙushe tana matse tsumma a bokiti, an jawo gado da akwatuna tsakiyar ɗaki, bango yana tsatsafo da ruwa.

"Yawwa, gara da kika zo, Maman Joan," in ji Ya Gana. "Tun da kuka jera buhunan nan bangona yake zufa. Me kuka zuba a ciki?"

"Ni ma abin da na zo tambayarki ke nan."

Mazajen suka kira mai gyaran famfo, ya fasa bangon. Bututun ne ba a ɗaure shi ba tun wajen gini, ya yi ta bugun bulo har ya tsage. Aka sauya shi, aka ɗaure, Jonah ya kwashe buhunansa ya zubar a bola.

Siminti ya yi wuyar samu a watan, ramin ya daɗe a buɗe. Kowacce ta toshe nata ɓangaren da tsumma, kuma a gidajen biyu aka koma magana ƙasa-ƙasa.