Tayin Malam Ɗan'iya

Tun da Mu'awiya ya sayar da albasarsa, Malam Ɗan'iya bai sake jin daɗin tuwo ba. Ɗan nasa ya ƙyalla ido a kan wani jan babur na tsere, na hannu, da wani ma'aikaci ya kai kasuwar Tambuwal. An ce mahayinsa kwanciya yake yi rub da ciki kamar ƙadangare, kuma kafin a amsa masa sallama ya isa Kebbe. Malam kuwa ɗa namiji ɗaya gare shi, ba ya son a kawo masa shi cikin tabarma.

Faɗa bai yi aiki ba, roƙo ma haka. Sai ya ce zai raka shi ciniki. Dabararsa ita ce ya yi tayin wulaƙanci, mai babur ya fusata ya kore su, kowa ya huta.

Bube dillali ya tayar da babur, awaki biyu suka tsinke igiya.

"Ina aka ɗaura buhu?" in ji Malam.

"Baba, wanga ba na buhu ba ne."

"To mi shika yi?"

"Gudu."

"Wa ya koro shi?"

Mu'awiya ya sunkuyar da kai don kunya. Malam ya gyara murya, a gaban dattawa ya taya kuɗin ɗan maraƙi, ya tsaya jiran zagi.

Ashe mai babur ya gaji. Abin ya shanye masa albashi a fetur, kuma duk makanikin da ya gan shi sai ya tuna bai yi salla ba. Ya yi wuf ya damƙe hannun Malam.

"Na sallama, Baba! Allah shi sa albarka!"

Dattijon da ya taya aka sallama masa a gaban shaidu ba ya janyewa, sai in zai daina shiga kasuwa. Maraƙin Malam ya tafi. A amalanke aka kai babur ƙauyensu Fakku, don yashin hanya ya fi ƙarfinsa.

Malam ya kulle shi a zaure, ya ɗaura makulli a lawurje. Ya ci tuwo malmala biyu.

"Baba, ara mini, ko zagaye guda."

"Nawa ne. In kana so, sayi naka!"

Fuskar Mu'awiya ta washe. Kuɗin albasa na nan ba a taɓa ba, kuma Bube ya ce akwai wani koren babur a garin Jabo.

Malam Ɗan'iya ya zura takalmi, ya nufi garke ya duba wane maraƙi ne na gaba.