Tsagaggen Faranti

…kuma ba ni na ce a fito da su ba. Ni dai na ce wa Yaya zan zo, akwai magana, shi ke nan. Sai na tarar an shimfiɗa wa tebur farin ƙyalle, an jera farantanki, Umma, na tangaran ɗin nan masu bakin zinare da shuɗin fure, waɗanda kika gada wajen kakarki. An buɗe kabad saboda ni. Ina ta jira in ji wani abu a raina, shiru.

Cokali a dama, mai yatsu a hagu. Kofin ruwa can sama da wuƙa. Matar Yaya ba ta kuskure ko ɗaya ba, ai dole, ke kika koya mata. Ni da na sha ranƙwashi a kan jeren nan har yau sai na tsaya tunani… dama ce ko hagu? Ɗauke gwiwar hannunki daga kan tebur, Auta. Na ɗauke. Kin rasu, amma na ɗauke.

Maganar gajera ce fa. Yaya, aurena ya mutu, a falon ƙawata nake kwana, mijinta ya fara gyaran murya in ya gan ni, ka bar ni in koma ɗakin Umma. Iyakarta ke nan. Na yi ta maimaita ta a mota har ta daina ma'ana. Ga shi a gabana yana yanka kaza, gemunsa ya yi furfura, yaushe? Yana zaɓar min cinya. Cinya ta baƙo ce a gidan nan, mu wuya da fiffike muka sani.

Kazarki ce sak. Lemun tsami, tafarnuwa, citta, ɗan zuma, a bar ta ta kwana a ciki, a gasa a hankali ana yi mata wanka da romonta, albasa kuma sai ta kusa ƙonewa a sauke — kusa, Auta, na ce kusa. Tawa kullum sai ta ƙone. Tsohon mijina… ji ni, har bakina ya saba da "tsohon"… yakan ture baƙin gefe da cokali bai ce uffan ba. Shekara da shekaru bai ce uffan ba. Ranar da ya buɗe baki kuwa, da takardata ya buɗe.

Ina tsagaggen?

Ɗaya daga cikin farantan ya tsage tun ba a haife ni ba, aka liƙe shi da gam, layin ya koma ruwan ƙasa. Dokarki a kansa ɗaya ce: baƙo ba ya ganinsa. Ɗan gida ke ɗauka, ya juya tsagar ta kalli ƙirjinsa, ya rufe ta da shinkafa. Nawa ne tun ina hawa kujera da matashi biyu. Ko bayan na yi aure, in na zo aka yi baƙi, a gabana kike dire shi ba tambaya, ni kuma in tura baki… Kullum ni, Umma? To wa zan ba, maƙwabta?

Na zura babban yatsa ƙarƙashin bakin farantina ina laluben tudun gam. Sumul. Na juya shi a hankali kamar ina neman wurin fara ci. Sumul, har na dawo inda na faro.

Yana gaban matar Yaya. Tsagar tana kallon ƙirjinta, ta rufe da shinkafa, 'yar wutsiyar layin kawai ta leƙo.

Ba mugunta ba ce. Da mugunta ce da na samu abin riƙewa, in yi fushi, in ji ɗumi a jikina. Ita ta yi jinyarki, ita ta juya ki, ta wanke ki, ta ba ki ruwa da ƙaramin cokalin shayin nan, lokacin ina can ina lallaɓa auren da ya riga ya mutu. Ta cancanta. Ji magana don Allah, mace da girmanta tana hassadar fasasshen kwano. Ko hassadar ma ba ta zo ba. Ina tauna, ban san ko akwai gishiri ba.

"Auta, kin ce akwai magana," in ji Yaya.

Ƙofar ɗakinki a buɗe take, daga kujerata ina hangowa. Babu gadonki. An yi sabon fenti, ga teburin karatun babbar 'yarsu, ga jakar makaranta rataye a ƙusar da kike rataya mayafi. Yarinya ta girma, ina za su sa ta? Da ni ce ma haka zan yi… da ni ce.

"Ba komai, Yaya. Kewa ce kawai."

Ya yi murmushi ya ƙara min ruwa. Sauƙi ya ji? Ko ya riga ya sani, labari ai ba ya ɓuya, shi ya sa aka buɗe kabad — don kada in tambaya? A'a. Yaya ba shi da wannan wayon. Ko yana da shi? Ban san mutumin nan mai furfura ba.

Na yunƙura in kwashe kwanuka, jikina ya saba. Matar Yaya ta dafa hannuna, tafinta da ɗumi. "Haba, zauna abinki, ke da kika zo mana."

Na zauna.

Ɗan gida yakan cinye tas, haka kika ce, baƙo ne ke barin loma ɗaya a gefe, ya haɗa cokali da mai yatsu wuri guda, a san ya ƙoshi ba ya buƙatar ƙari. Na sunkuya na duba farantina. Ban san lokacin da hannuna ya yi ba… loma ɗaya a gefe, cokulan a haɗe.

Kin iya koyarwa, Umma. Yanzu sai me? Sai in ce abinci ya yi daɗi, Allah ya saka da alheri. Sai su raka ni bakin ƙofa, Yaya ya ce in gaida maigida, ni kuma in ce zai ji…