Haruffa Takwas na Bankin Komlavi

Tun da hantsi Komlavi ya kasa zama a shagonsa na gyaran agogo da ke bayan babbar kasuwar Lome. Ran Litinin za a yi wa matarsa Ayawa aikin ido, asibiti kuma sun ce in ba a biya kafin a tashi yau Juma'a ba, za su ba wani gurbinta. 'Yarsu Enyonam da ke aikin jinya a Jamus ta tanadi kuɗin, amma kwana biyu ke nan sun ƙi tahowa.

Ya sake kiranta.

"Baba, lambar bankin nan da ka ba ni ba ta aiki."

"Shekara ashirin da ita fanshona ke shigowa! Lambobi biyar ne, ko a barci sai in karanta miki."

"Ta cikin gida ce. Ta ƙetare nake nema, mai haruffa. Kuma ƙarfe uku ake rufe aikawar yau."

Ya dubi agogunan bango, sha biyu da kwata, ya ce ai da saura. Har ya ɗauko kwanon tuwon masararsa sai ya tuna. Ƙarfe ukun Jamus ƙarfe ɗayan Lome ne. Shi da ke gyara wa mutane lokaci, shi ya manta rana tana riga zuwa can.

Ya tare ɗan acaɓa, hula a hannu. A hanya yana ta tunanin yadda kuɗi ke ƙetare teku ba jirgi ba jaka, sai dai a kira sunan banki su amsa kamar akuyar gida.

A banki layi ya kai ƙofa. Ya tsaya, ya fita, ya dawo. Madam Dede mai karɓar baƙi, wadda ta san shi tun tuni, ta hango shi.

"Baba mai agogo, ƙasar ce ke da zafi? Tun ɗazu kake rawa ba kiɗa."

"'Yar nan, bar wasa. Sunan bankinku na ƙasar waje nake so."

"Au, kai ma ta cikin gida ka aika? Duk tsofaffin fansho haka kuke."

Ta rubuta haruffa takwas a bayan wata takarda. Huɗun farko bankin ne, ta ce, biyu na tsakiya Togo, biyun ƙarshe gari. Komlavi ya ƙura wa T da G ido. Ƙasa guda, da teku da duwatsu da kaburburan kakanninsa, an matse ta cikin harafi biyu.

"Baba, kallo ka zo yi? Kira ta!"

Ya karanta wa Enyonam ɗaya bayan ɗaya. Ta ce gurbi sha ɗaya ne a wayarta, saura uku. Madam Dede ta fizge wayar.

"Ƙanwata, cika da X uku, babban ofis ke nan. In kuɗin sun tafi, turo takardar shaida, asibiti suna karɓarta kafin kuɗin su sauka."

Ɗaya saura minti shida wayar ta yi ƙara, hoton takardar ya shigo. Komlavi bai tsaya godiya ba, sai daga bakin ƙofa ya ɗaga hula.

Mai karɓar kuɗin asibiti ya daɗe yana duba hoton takardar, yana matso da shi yana nisantawa. Can ya jawo jerin sunayen Litinin, ya sa alama a gaban na Ayawa.

"Ƙarfe bakwai na safe. Kada ta karya kumallo."