Famfon Malam Sama'ilu

Tahira ta sake kunna akwatin sarrafa famfuna, manhajar ta sake mutuwa a inda ta mutu ɗazu. Tana durƙushe a inuwar faifan sola da kwamfuta bisa cinya, mahaifinta Malam Sama'ilu kuwa yana tsaye a bakin fangalin albasa, wadda ganyenta ya fara kwanciya tun hantsi.

Fadamar nan ta gefen Kunci ta ga zamanin jigo, ta ga injin fetur bayan madatsun ruwan da aka gina a shekarun 1970. Yanzu akwati guda ke tayar da famfunan ƙungiyar manoma. Yayan Tahira, marigayi Abdulkabir, shi ne ya tsara shi: uwar manhaja ba ta san famfo ko ɗaya ba. In ta tashi sai ta ɗauko ƙananan fayiloli daga ma'ajiyarsu, kowanne da famfon da yake sarrafawa, ta kira su bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa tun farko.

Wannan ƙa'ida ce Tahira ta sauya. Damina guda ta yi tana sabunta uwar manhajar domin ruwa ya riƙa zagayawa bi da bi, a huta da rigimar layi. Fayilolin sababbin famfuna ta sake gina su, duka sun karɓa. Saura na tsohon famfon mahaifinta, wanda Abdulkabir ya rubuta da hannunsa, kuma a kansa ne sabuwar manhajar ke mutuwa. Shi ba ya gyaruwa sai da asalin rubutunsa, asalin kuwa yana cikin kwamfutar marigayin, wadda ta faɗa kason matarsa ranar rabon gado, aka sayar da ita a Kano, aka goge.

Ta yi wa mahaifinta bayani cewa sake rubuta fayil ɗin zai ci mako, sai dai in an mayar da tsohuwar manhaja a jingine sabuwar. Ba ta tabbata ya fahimta ba. Ya murza ƙasar fangalin a tafin hannunsa, ta zube kamar gari.

"Uwata, ni ban san karatunku ba," ya ce. "Albasa dai ba ta san mako ba."

Bayan la'asar ne shugabannin ƙungiya za su zo ganin sabon aikin. Ta jima tana kallon sunan fayil ɗin da kwanan watan da ke gefensa. Sannan ta cire tata manhajar, ta mayar da ta da.

Famfon ya yi tari, ruwa ya biyo tiyo ya shiga fangali. Malam Sama'ilu ya gyara masa hanya da fartanya, ya ɗago.

"Allah ya jiƙan Abdulkabir. Aikin yaron nan bai taɓa ba mu kunya ba."

"Amin, Baba," in ji Tahira, ta rufe kwamfutar.