Kwamfuta Ba Ta Haihuwa

Duk wanda ya taɓa sayen sa ko saniya a karar Haɗeja ya san Malam Buba dillali, ya kuma san ba a yi masa kwaskwarima da dabba. Siriri ne, ga ƙarancin magana, ga yawan tsaki. Ya ɗaga leɓen saniya ya dubi haƙori, ya shafa gadon bayanta, ya ja da baya ya yanke kuɗi, shi ke nan. Mai ita ya yi ta rantsuwa har da kumfar baki, ƙarshenta a nan ciniki zai faɗa. Wannan idon ne kaɗai ya rage masa daga zaman daji. Garken da ya gada ya zube da kaɗan-kaɗan, wasu a annoba, wasu a jinyar matarsa Rahmatu kafin Allah ya karɓi abarsa, wasu a kuɗin makaranta, har aka wayi gari saura saniya guda, ita ma ba tasa ba.

Ta Kamila ce, 'yar autarsa, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kiranta sai da Uwata. A danginsu ranar suna ake nuna wa jariri karsana, duk abin da ta haifa nasa ne. Karsanar Kamila ta daɗe da tsufa ta tafi, amma jikarta na nan, Wule, ja mai farin goshi, tana rugar ƙaninsa Gambo a fadamar Kirikasamma. A wannan daminar cikin Wule ya riga ya fito.

Kamila kuwa zanen gine-gine ta karanta. Ta gama hidimar ƙasa ta dawo gida, ta yi ta aika takardu har ta gaji, sannan wani kamfani a Abuja ya ce zai gwada ta. Za ta yi aikin daga gida, a tura mata gini ta zana shi ciki da waje, in ta burge su kafin ƙarshen wata a ɗauke ta. Matsalar ɗaya ce, tsohuwar kwamfutarta ta makaranta. Da an buɗe babban zane sai fankarta ta hau kuka kamar injin markaɗe, ta yi zafi, ta ɗauke ɗif.

Bayan la'asar ta same shi a zaure yana wanke ƙafa, ta durƙusa can gefe.

"Baffa, akwai wata kwamfuta da Haris mai shagon kwamfuta ya kawo daga Kano. Irinta aikin yake so. Abin da na tara a hidimar ƙasa ba zai kai ba, sai in an haɗa da Wule."

Buba bai ɗago ba. Wani Alhaji mai kiwon gida ya daɗe yana bin sa a kan Wule, ya taya ta da daraja, kuma ya san kuɗin zai cike giɓin har a yi canji. Ba nan gizo ke saƙa ba. Shi dai tunda yake bai taɓa sa hannu a cinikin abin da bai duba da idonsa ba.

"Sai na gan ta tukuna," ya ce.

Shagon Haris na bakin titi, tsakanin mai sayar da buhunan shinkafa da mai gyaran babur. Saurayi ne mai ladabi, ya goge benci ya ce Baba ya zauna, sannan ya zaro abar daga kwali da hannu biyu kamar jaririya. Buba ya karɓa ya jinjina, ya ji ba nauyi, nan take ransa ya fara ɓaci. Fallen ƙarfe ne mai sanyi, ko kaurin faranti bai kai ba. Ya juya ta, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da farce. Wai wannan ce za a ba da Wule a kanta, saniyar da ƙarti sai sun taru kafin su kayar.

Haris ya kunna ta, Kamila ta sa zanenta. Ginin da ke kashe tsohuwar ya tashi nan take, bene a kan bene, tana juya shi da ɗan yatsa, har inuwar taga tana bin rana. Babu kuka, babu zafi. Buba ya saci kallon fuskar 'yarsa ya ga ta washe irin yadda bai gani ba tun rasuwar uwarta. Ya gani sarai, kada wani ya ce bai gani ba. Sai dai ya kau da kai ya koma kan sana'arsa.

"Yaro, shekara nawa take yi tana aiki?"

"In an kula da ita, Baba, biyar ko shida lafiya lau."

"Daga nan fa?"

"Daga nan ta fara tsufa. Batir ya yi sanyi, sababbi su fito su wuce ta."

"In na saya yau, na kawo maka ita baɗi, nawa za ka ba ni?"

Haris ya sosa ƙeya. Yaron kirki ne, bai iya ƙarya ba, abin da ya cuce shi ke nan a kasuwa. "Gaskiya ba zai kai yadda aka saya ba."

"To waccan da ke kan tebur, mai kauri, ita ba kwamfuta ba ce?"

"Kwamfuta ce, Baba, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. In rubutu ne ko kallo ta isa. Amma aikin Kamila ba za ta ja ba. Kamar ka ɗaura wa ɗan maraƙi garma ne."

Wannan misalin ya shiga kunnen Buba. Sai ya yi tambayar da ya zo da ita tun daga gida.

"Tana haihuwa?"

Haris ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskar tsohon sai ya haɗiye dariyarsa.

A hanyar gida Buba ya zayyana wa 'yarsa hukuncinsa, kuma wallahi duk dillalin da ya ji zai ce ya yi daidai. Wule na da ciki, kuma daga yadda cikin ya zauna shi ya san mace za ta haifa. Mace ta haifi mace, kafin Kamila ta yi 'ya'ya an sake kafa garke. Kwamfuta kuwa kullum ta kwana sai ta rage daraja, ba nono, ba taki, ranar da ta mutu ko fata ba za a samu ba. Wane mahaukaci ne ke sayar da saniya mai ciki?

"Ba saniya ɗaya za ki bayar ba, Uwata, garke za ki bayar. Ki bari ta haihu, ta yaye, sannan a san abin yi."

"Baffa, ƙarshen wata suka ce."

"Kamfani ba ya ƙarewa a duniya." Ya tsaya ya dube ta. "Amma fa taki ce. In kika ce a sayar, gobe zan aika wa Gambo."

Nan ne ya yi mata rashin adalci, kuma ya sani. Yarinyar da ta tashi a gidansa, wadda ko ido ba ta haɗawa da shi, ta yaya za ta buɗe baki ta ce a sayar bayan ya gama cewa hauka ne? Ya miƙa mata wuƙa ne ya riƙe ƙotar. Kamila ta sunkuyar da kai ta ce, "A bar ta, Baffa."

Haka ta koma wa tsohuwar kwamfutarta. Ta ɗora ta a kan bulo don iska ta shiga ƙasanta, ta jiƙa tsumma ta shimfiɗa kusa, tana yi mata fifita da mafici kamar mai jinya. Buba na zaure yana jin kukan fankar, sai ya ji ɗif, sai ya ji 'yarsa ta ce innalillahi a hankali ta sake farawa daga inda ba a adana ba. Abin na sukar sa, amma da ya tuna Wule da cikinta sai ya ji ƙarfi. Haris ya riƙe musu sabuwar kwamfutar iya yadda zai iya, daga baya wani injiniya ya biya ya tafi da ita.

Ruwa kuwa bai tsagaita ba. Kogi ya cika ya batse, ciyawar kacalla ta toshe masa hanya kamar yadda ta saba, sai ya fasa ta gefe ya shiga gonakin shinkafa da rugage. A cikin gari ana ta cika buhuna da ƙasa ana tare unguwanni. Buba ya yi ta kiran Gambo waya ba ta shiga. Da ta shiga, muryar Gambo ta fito a dishe.

"Yaya, ka zo. Mun fitar da na fitarwa. Wule ta maƙale a taɓo, nauyin ciki ya hana ta. Mun jawo ta kan tudu amma ta kasa tashi."

Mota ta kai shi inda kwalta ta nutse, kwalekwale ya ƙarasa da shi. Inda ya san gonaki da burtalin shanu duk ruwa ne ja, sai kan gero na leƙowa nan da can. Tudun ɗan ƙarami ne, cike da mata da yara da tukwane da awaki, kowa ya yi jugum. Can ƙarshensa Wule na kwance a gefe ɗaya, taɓo ya bushe a jikinta, ƙuda na bin idonta. Ta daɗe tsaye a ruwa kafin a kai gare ta, kofatanta sun yi laushi sun fara wari, ƙugunta kuma ya goce wajen jawo ta.

Ba sai an gaya masa ba. Ya durƙusa ya ɗaga leɓenta don sabo, ya shafa gadon bayan, ya ji numfashin yana fita da ƙyar. Cikin ya motsa a ƙarƙashin tafinsa. Lokacin haihuwa da saura, ko an farke ta ɗan ba zai rayu ba. Idon nan nasa da bai taɓa yi masa ƙarya ba ya gaya masa ba za ta kai magariba ba.

Mahauta kuwa sun riga shi zuwa. A irin wannan lokaci kwalekwale suke haya su bi tudu-tudu, don sun san mai dabba ba shi da zaɓi. Biyu ne, kuma dukansu sun san shi a kara, sun sha jin tsakinsa. Babban ya faɗi abin da zai bayar, kuɗin da ko tunkiyar kirki ba zai saya ba. Buba ya buɗe baki zai yi ciniki, sai ya rufe. Da shi ne ke tsaye a inda suke, haka zai yanke.

"Kawo wuƙar," ya ce. "Kada ta zama mushe."

Shi ya yanka ta da hannunsa. Gambo ya riƙe ƙahon yana hawaye ba kunya. Da mahautan suka farke cikin Buba ya so ya juya baya, amma ya kasa, sai da ya duba.

Washegari da hantsi ya shigo gida, wandonsa duk taɓo, igiyar Wule a naɗe a hannunsa. Tsakar gida tsit, babu kukan fanka. Tsohuwar kwamfutar na rufe a kan bulo, an ɗora mata mafici. Kamila na tsintar shinkafa a faifai. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta koma gefe ta durƙusa. Labari ya riga shi isowa, ya gani a idonta.

"Mutanen Abuja fa?" ya tambaya.

"Na tura musu rabi. Sun ce sun gode, sun ɗauki wani."

Ya zaro 'yan kuɗin mahauta daga aljihu ya ajiye a bakin tabarma, ya ɗora igiyar a kai. Ya so ta yi kuka, ko ta ɗaga murya ta ce shi ya ja, ko da sau ɗaya a rayuwarta, da ya fi masa sauƙi. Ba ta taɓa kuɗin ba. Igiyar ta ɗauka tana murzawa a hannu.

"Baffa, abin da ke cikin, kun duba?"

"Mun duba."

"Mece ce?"

Ya dubi igiyar da ke hannunta. "Mace."

Kamila ta gyaɗa kai a hankali. Babu gatse a muryarta ko kaɗan, tsakani da Allah ta faɗa, don ta sanyaya masa rai.

"Ashe ka faɗa daidai, Baffa."

Ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki. Buba ya zauna a tsakar gida da kofin ruwan a hannu, ya kasa kai shi baki.